Rufe littafin, ka tambayi kanka

Da zarar jarrabawar WAEC ko JAMB ta ƙarato, za ka ga ɗalibai sun duƙufa, littafi a buɗe, ana ta ja wa layuka launin rawaya har shafi ya rine. A karanta babi sau huɗu, a tashi da murna wai an iya. Ranar jarrabawa kuma amsar ta maƙale, ta ƙi fitowa.

Shi ya sa nake goyon bayan salon da ke yawo yanzu tsakanin ɗalibai a YouTube: ka karanta, ka rufe littafin, ka matsa wa ƙwaƙwalwarka ta kawo abin da kanta.

A 2006, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka sun gwada abin. Wasu ɗalibai suka yi ta maimaita karanta wani rubutu. Wasu kuma zama ɗaya suka yi masa, sannan aka karɓe takardar, aka sa su rubuta abin da suka tuna har sau uku. Bayan minti 5, masu maimaici ne a gaba. Bayan mako guda sai reshe ya juye da mujiya: masu rubutawa da ka sun riƙe kashi 61 cikin 100, masu maimaici kashi 40. Abin da ya fi ɗaure mini kai, masu maimaicin ne suka fi cika baki cewa za su tuna. Ido ya saba da shafin, sai mutum ya ɗauka ya sani.

Mu kam ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A tsangaya, almajiri ba ya wanke allo sai ya kife shi ya ba da hadda a gaban malam. In ya kakare, malam ya ɗan ɗago masa kalma, ya bar shi ya lalubo sauran. Ga tilawa, wadda ke dawo da karatun baya kafin ya zube. Wannan ɗalibin kuma, da ya shiga ajin boko, sai ya koma kallon littafi kawai.

Sai dai ana ɓata salon. Ɗalibi ya sayi littafin tambayoyin shekarun baya, ya riƙa karanta tambaya yana leƙen amsa, ai maimaici ne ya sake riga. Wani kuma ya cika manhajar Anki da ma'anonin kalmomi, yana zubo su bai san inda suka dosa ba. Tambayar da ta fi amfani ita ce "me ya sa?", ka amsa da bakinka, da Hausa ma in ka so, sannan ka buɗe ka duba inda ka yi tuntuɓe.

Malaman makarantu, don Allah ku ware minti 5 na farkon darasi, a rufe littattafai, kowa ya rubuta abin da ya tuna na jiya, kuma kada ku sa maki a kai.