Gangar Kiɗan Rok a Ma'aunin Kari: Tsokaci

1.0 Gabatarwa

Akwai wani hukunci da ya daɗe yana yawo a bakin manazarta kiɗa, musamman waɗanda kunnensu ya saba da jaz ko kaɗe-kaɗen Afirka ta Yamma, cewa makaɗin ganga a kiɗan rok na Amurka da Ingila ba shi da wani aiki da ya wuce ƙirga ɗaya zuwa huɗu. Manufar wannan maƙala ita ce ta auna wannan hukunci da ma'aunin da masu nazarin waƙar Hausa suka riga suka sani, wato kari da ƙafa da zihafi. Ra'ayinta shi ne, hukuncin yana da ƙamshin gaskiya, amma masu yanke shi sun nemi wadatar kiɗan a inda ba a ajiye ta ba.

2.0 Tubalin Ginin

Makaɗin rok yakan zauna ne a gaban jerin ganguna, yana aiki da hannu biyu da ƙafa biyu. Zagayen kiɗansa bugu huɗu ne. Babbar ganga, wadda ake takawa da ƙafa, takan faɗo a bugu na ɗaya da na uku. Ƙaramar ganga mai wayoyi a gindinta, mai ƙara kamar tsagewar kara, takan faɗo a na biyu da na huɗu. Faifan tagulla kuma yana raba zagayen gida takwas daidai wa daida. Ana yawan danganta kafuwar wannan tsari ga Earl Palmer, makaɗin birnin New Orleans, wanda ya buga wa Fats Domino "The Fat Man" a 1949, ya kuma buga wa Little Richard "Tutti Frutti" a 1955. Tun daga lokacin, dubban waƙoƙi sun hau kan wannan tubali ba tare da sun sauya shi ba.

3.0 Kwatanci da Wasu Kaɗe-kaɗe

Idan aka ajiye wannan tsari shi kaɗai kusa da na wasu al'ummu, lallai zai ji kunya. A kiɗan Ewe na Gana da Togo, wanda A. M. Jones ya yi wa nazari mai zurfi a 1959, kuge yakan yi bugu bakwai a cikin gurabe 12, a jere kamar haka: 2-2-1-2-2-2-1. Mai nazarin aruli zai ga kamar gaɓoɓi ne masu nauyi da marasa nauyi aka jera masa. Ana iya jin zagayen a matsayin gida huɗu na uku-uku, ko gida uku na huɗu-huɗu, ganguna kuwa kowace tana shiga ta nata gurbin. A Indiya, makaɗin tabla yana da zagaye mai bugu 16 da mai 10 da mai 7, kuma kowane bugu da sunansa da ake furtawa da baki kafin a kai hannu kan fata.

Kalangu kuma ya ɗara su ta wata fuskar, domin magana yake yi. Makaɗi yakan matse tsarkiyoyinsa ko ya sassauta, sai amo ya hau ko ya sauka, ya kwaikwayi karin sautin kalma da tsawon gaɓarta, har mai take ya ji an kira shi ya waiwayo. Haka dundun yake a wurin Yarabawa. Gangar rok ba ta iya wannan, amma ɗora mata laifi a nan zalunci ne. Ingilishi ba harshe ne mai karin sauti irin na Hausa ko Yarabanci ba. Da ƙarfin furuci yake fifita wata gaɓa a kan wata. Gangar da ta tashi a cikinsa ba ta da abin kwaikwayo sai ƙarfi da rauni.

4.0 Inda Armashin Yake

Babu manazarcin da zai ce rubutacciyar waƙa ta talauce don kawai baitocinta duka sun hau bahari ɗaya. Bahari alkawari ne tsakanin mawaƙi da mai sauraro. Gwanintar tana cikin yadda ake taɓa alkawarin ba tare da an karya shi ba. A Kamil, alal misali, gaɓoɓi biyu marasa nauyi na farkon ƙafa sukan narke su zama ɗaya mai nauyi, kunne ya ji sauyi, amma bai ɓace hanya ba. Bugu huɗun rok bahari ne. Tambayar da ta dace ita ce, wane irin zihafi ake yi a kansa?

Tun a cikin tsarin kansa akwai saɓani. Kunne yakan sa ran nauyi a bugu na ɗaya da na uku, sai ga shi gangar da ta fi tsawa ta faɗo a na biyu da na huɗu. Ga kuma muryar mawaƙi. David Temperley ya nuna a 1999 cewa mawaƙan rok sukan furta gaɓa mai ƙarfi gab da isowar bugun da ya kamata ta hau, wato suna riga ganga isa. Wannan rige-rige ba zai ji daɗin kunne ba sai in gangar ta tsaya cik a wurinta. Ke nan, tsayuwar da ake zargin makaɗi da ita, ita ce ke bai wa murya damar yin wasa.

Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne "Kashmir" ta ƙungiyar Led Zeppelin, wadda ta fito a 1975. John Bonham yana buga huɗu-huɗu, mai nauyi, kamar ana kirɓa sakwara, alhali jita tana tafiya uku-uku, ba sa haɗuwa a mafari sai bayan bugu 12. Wanda ya saurari gangar ita kaɗai zai ce ɗan koyo ne; wanda ya saurari waƙar duka zai ji uku a kan huɗu, dangin abin da ake yaba wa Ewe da shi. Da Bonham ya bi jitar, da saɓanin ya mutu. Charlie Watts na Rolling Stones kuwa yakan ɗage sandarsa daga faifan tagulla a daidai lokacin da zai doki ƙaramar ganga, sai a sami ɗan gurbi da ke sa bugun ya fito tsirara. Wannan ɗan ragi ya isa a gane hannunsa. Akwai kuma masu fita daga baharin ɗungurungum, kamar "Money" ta Pink Floyd a 1973, mai bugu bakwai, sai dai irin waɗannan ba su ne suka yi yawa ba, kuma ba lallai ne su fi armashi ba. Ƙirga mai wuya daban, kari mai rai daban.

Ya kamata a tuna cewa rok ba baƙo ba ne ga Afirka. Salon da Bo Diddley ya yi suna da shi a 1955, bugu uku sannan biyu, ɗan'uwan wanda ake ji a kiɗan Kuba ne, asalinsu kuwa bayin da aka kwasa daga wannan nahiya. Ginger Baker na ƙungiyar Cream ya biyo sawun wannan asali har Legas, ya yi faifai tare da Fela a 1971, ya kuma zauna gefe da gefe da Tony Allen a Barlin a 1978. Kayan kiɗansu iri ɗaya ne, amma aikinsu ya bambanta. Allen yakan rarraba aikin makaɗa da yawa ga gaɓoɓinsa huɗu, a hankali, ba ya barin ƙaramar ganga ta zauna a biyu da huɗu. Baker, duk da gwanintarsa, ƙarfi da gangara ya fi nunawa. A nan dole a amsa cewa Allen ya fi yawan abin faɗa a cikin zagaye ɗaya. Akasarin makaɗan rok ma ba su kai Baker ba, balle Allen. Da yawa cikinsu baharin kawai suke bugawa, babu zihafi ko ɗaya.

Wannan batu ya shafi waƙar Hausa kai tsaye. Tun daga shekarun 1990, da waƙoƙin finafinan Kano suka bunƙasa, fiyano ta karɓe gurbin da kalangun Mamman Shata da kotson Narambaɗa suka riƙe. Abin da na'urar ke fitarwa zagaye ne da aka ɗaure, mai maimaita kansa ba ragi ba ƙari. Ba ta jinkiri irin na Bonham, ba ta barin gurbi irin na Watts, ba ta kuma kiran sunan kowa. 'Yan amshin Shata da makaɗansa sukan saurari inda ya dosa su bi shi. Mawaƙin situdiyo shi ke bin na'ura, in gaɓa mai nauyi ta ƙi shiga gurbin da aka tanada, sai ya gutsure ta.