Gwanintar Karanta Jini: Yadda Masana Ke Gano Ciwon Suga da Gwajin HbA1c

Suga a cikin jini ba ya zama wuri ɗaya. Yana hawa bayan an ci tuwo, ya sauka bayan an sha aiki a rana, zazzaɓi da fargaba ma suna motsa shi. Shi ya sa gwajin da ake yi da safe kafin karin kumallo, duk da amfaninsa, labarin wannan safiyar kaɗai yake bayarwa. Mutum yana iya ƙaurace wa lemo da shayi mai zaƙi kwana uku kafin ranar ganin likita, ya kai sakamako mai kyau, alhali watannin baya ba haka suke ba.

Gwajin HbA1c ya ɓullo wa matsalar ta wata hanya. A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai himogilobin, sinadarin da ke kai iskar da muke shaƙa sassan jiki. Suga yana manne masa sannu a hankali, in ya manne kuma ba ya saki sai ƙwayar ta mutu, ita kuwa takan yi kimanin kwana 120. Idan aka auna kashi nawa na himogilobin suga ya kama, an samu matsakaicin sugan wata biyu zuwa uku. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin marina ya san ka'idar: ƙarfin baba da daɗewar zane a cikinsa su ne ke sa shuɗi ya kama. Ga shi kuma ba sai mutum ya zo da yunwa ba, kowane lokaci ana iya ɗibar jinin.

Wani likita ɗan Iran, Samuel Rahbar, shi ne ya lura a 1968 cewa irin wannan himogilobin ya yi yawa a jinin masu ciwon suga. Shekaru da dama ana amfani da gwajin ne don bibiyar waɗanda aka riga aka san suna da ciwon. Sai a 2009 wani kwamitin ƙwararru na ƙasa da ƙasa ya ba da shawarar a riƙa gano ciwon da shi, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta amince a 2011. Iyakar ita ce kashi 6.5 cikin ɗari, kuma ba da ka aka yanke ta ba: daga wajen nan ne aka ga lalacewar jijiyoyin ido tana ƙaruwa. A kan matakin gab da kamuwa dai baki bai zo ɗaya ba. Amurka tana farawa daga 5.7, Birtaniya daga 6.0.

Lambar ba ta da wuyar karantawa. Gwanintar tana wajen sanin jinin da ta fito daga cikinsa, domin lissafin duka ya dogara ne a kan cewa ƙwayoyin kowa suna cika kwanakinsu. Idan suna mutuwa da wuri, suga bai samu lokacin kama su ba, sai lamba ta faɗi ƙasa, mai ciwo ya koma gida ana yi masa barka. Idan suka daɗe, sai ta hau, a ɗora wa mai lafiya ciwon da ba shi da shi.

A Pune ta Indiya, wani bincike da aka buga a 2012 ya nuna cewa matasa da yawa da gwajin ya sa a sahun masu gab da kamuwa, ƙarancin sinadarin ƙarfe ne ya taimaka wajen ɗaga lambarsu. A 2017 masu bincike a Amurka sun gano cewa baƙar fata masu rukunin jini na AS, wato masu ɗauke da gadon sikila, suna nuna lamba ƙasa da ta takwarorinsu, ko da sugansu ɗaya. A shekarar ne kuma wani babban binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa ƙarancin sinadarin G6PD, wanda ya fi bayyana a maza, yana rage lambar da kusan 0.8. Wato mai 7.0 na iya fitowa da 6.2, ya wuce ba a gane shi ba. Mu wannan ba labarin nesa ba ne. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne, himogilobin C ya yawaita a arewacin Gana da Burkina Faso, ƙarancin G6PD yana bin yankunan zazzaɓin cizon sauro, ƙarancin jini kuma ya zama ruwan dare a tsakanin mata.

A nan ne ƙwararren ma'aikacin ɗakin gwaji ke nuna ko shi wane ne. Jini ya zo masa a 'yar kwalba mai murfi ruwan makuba, na'urar da ke rarrabe nau'o'in himogilobin ta fitar da takarda mai zanen tuddai, ga lamba a ƙasa. Mai gaggawa zai kwafe lambar ya sa hannu. Gwani sai ya bi tuddan da ido ɗaya bayan ɗaya. Da ya ga wani tudu a inda S ko C ke fitowa, zai rubuta wa likita gargaɗi, domin ya san na'urorin da waɗannan nau'o'i ke ruɗawa da waɗanda ba sa ruɗawa. In jinin mai sikila ne, zai ce kai tsaye wannan gwaji bai dace da shi ba.

Likita gwani kuma kafin ya furta komai zai janyo fatar idon mara lafiya ya duba ko ta yi fari. Zai tambaya: «Hajiya, an yi miki ƙarin jini kwanan nan? Kina da juna biyu? Jinin al'ada yana zuba da yawa?» Zai tambayi namiji ko ya yi zazzaɓi mai tsanani, ko yana da matsalar ƙoda. Idan ga ƙishirwa, ga yawan fitsari, ga rama, amma lamba ta ce lafiya lau, ba zai bi takarda ya bar mutum ba. Zai tura shi gwajin safe, inda iyaka take 7.0 a ma'aunin milimol, ko a ba shi ruwa mai giram 75 na suga a auna bayan awa biyu, inda iyaka take 11.1. Wanda kuma ba shi da wata alama, ba a yanke masa hukunci da gwaji ɗaya sai an maimaita.

Wannan haƙuri da bin diddigi ne ke raba gwani da mai karanta takarda, kuma ya cancanci yabo, domin sakamakonsa idon wani ne, ƙodar wani ce, ƙafar wani ce da ba a yanke ba. Mu ma muna da namu rabon aikin. Duk wanda zai yi wannan gwaji ya san rukunin jininsa, ya faɗa wa likita tun kafin a tambaye shi, ya kuma ambaci duk wani zubar jini ko ƙarin jini da aka yi masa a watannin baya.