Masu kukan Raleigh, ina kekunanku?

Kwanan nan hotunan tsohon keke Raleigh sun cika Facebook, kowa yana "Allah sarki, kayan da!" To, ni dai abin ya fara isata. Mutumin da rabonsa da taka feda tun zamanin Shagari, ko masallacin unguwa sai a kan babur, shi ne kan gaba wajen kuka.

Ba musu, keken ya cancanci yabo. Baƙi wuluk da zanen ruwan zinare, kaca a rufe cikin gidanta ba ta cin ƙafar wando, birkin sandar ƙarfe ne, babu wata waya da za ta tsinke maka a gangara, ga kan zalɓe a goshinsa. A ɗora buhun gero a kariya, uwargida ta hau sama, ya kai su kasuwa lafiya lau. Tun wajen 1887 aka fara ƙera shi a Nottingham ta Ingila, ya karɓu a wurinmu har aka riƙa haɗa shi a Kano. Malamin makaranta ya same shi, an san albashi ya yi albarka.

Amma wa ya jingine shi? Da Phoenix na China ya shigo da araha, can kuka koma. Da babur ɗin Jincheng ya zo, keken gaba ɗaya kuka tura bayan rumbu, kaji suna kwana a kan sirdin. Yau a ga dattijo a kan keke, ku ɗin nan ne za ku ce karayar arziki ta same shi.

Turawan ma ba su fi ku ba. A 2002 aka daina haɗa keke a Nottingham, aikin ya koma Asiya, a 2012 kamfanin Accell na Holan ya saye sunan. Wani ɓangaren filin masana'antar yanzu jami'a ce a kai. Su ma suna can suna goge tsofaffin da man shafawa suna ɗaukar hoto.

Eh, na yarda, yana da nauyin tsiya, kuma titunanmu yanzu ba su da imani da mai keke.

Duk da haka, ku leƙa rumfar mai faci a ƙauye. Masu kai madara da itace har yanzu suna kawo nasu, an yi wa firam walda ya fi sau nawa, ana ɗaure sirdi da roba. Ba ko ɗaya cikinsu da ya taɓa rubuta "kayan da".