Jinjina ga Masu Karanta Littattafan Tambutu

Bayan ziyarar Shugaba Thabo Mbeki na Afirka ta Kudu a Mali a 2001, Jami'ar Cape Town ta kafa shirin nazarin tsofaffin rubuce-rubucen Tambutu ƙarƙashin Shamil Jeppie, tare da Cibiyar Ahmed Baba da ke Tambutu. Aiki ne na haƙuri: a ɗauki hoton shafin da gara ta ci, a zauna da malamin da ya iya rubutun, a warware shi layi-layi.

Na fi jinjina wa manazartan shirin saboda ba su tsaya ga yabon magabata ba. Dubi Mi'irajus Su'ud, amsar da Ahmad Baba, malamin da aka sa wa cibiyar sunansa, ya rubuta wajen 1615 ga masu tambaya daga Tuwat. Ya ce baƙar fata ba hujjar bautar da mutum ba ce, har ya ambaci Kano da Katsina cikin ƙasashen Musulmi da bai halatta a kama mutanensu ba. Bai soke bauta baki ɗaya ba, manazartan kuma ba sa ɓoye hakan. Amma wanda ke fama da wariyar launi a yau, ga shaida daga gida.

A Janairun 2013 masu ɗauke da makamai sun ƙona dubban littattafai a Cibiyar Ahmed Baba. Akasarin littattafan birnin kuwa, iyalai da ma'aikata ne suka kuɓutar da su zuwa Bamako, a mota da kwalekwale.