Hoton lungu: na baƙo da na ɗan unguwa

In ka taɓa sauka a tashar Waterfront a nan Washington ka gangara kasuwar kifi ta Maine Avenue, to ka taka unguwar da babu ita. Southwest ta dā, mai lunguna da ƙananan shaguna da majami'un baƙaƙen fata, an rushe kusan dukkanta daga shekarun 1950, aka tashi mutum sama da dubu 20. Hotuna kaɗai suka rage.

Masu sana'ar suna cewa hoton titi shi ne wanda aka ɗauka a bainar jama'a ba shiri, mutum na harkar gabansa bai ma san an ɗauke shi ba. Henri Cartier-Bresson na Faransa ne limamin wannan hanya. Ni dai wannan ma'ana ta yi mini kaɗan. Ta faɗi yadda za a danna kyamara, ba ta ce komai kan wa ya danna ba, da kuma inda hoton zai kwana.

Duba hotunan Godfrey Frankel. Ɗan jarida ne, ya shiga lungunan Southwest a 1943, sai 1995 aka tara aikin a littafin In the Alleys. Wallahi hotunan suna da kyau: yara na wasa a bakin ƙofa, haske na zuba tsakanin katangu. Sharuɗɗan hoton titi duk ya cika su. Amma ka gama kallo, yawancinsu ba ka san ɗan wane ne ba, ba ka san gidan wa ke can baya ba. Kuma irin hoton nan na ruɓaɓɓen gida ga ƙubbar majalisa ta leƙo daga bayansa, shi masu son rusau suka riƙa nunawa a matsayin hujja. Ba ina ɗora wa Frankel laifi ba ne. Sai dai hoton talauci bai san hannun da zai faɗa ba. A 1954 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Berman da Parker, ta ce gwamnati na iya karɓe har shagon da ba abin da ya same shi, sai katafila ta ci gaba da aikinta.

Joseph Owen Curtis kuwa ɗan unguwar ne. Hotunansa suna ajiye a laburaren birnin Washington. Wasu ba su kai na Frankel tsari ba, wasu ma tsayawa aka yi aka kalli kyamara, kamar yadda muke yi wa mai hoto ranar Sallah. Mai tsananin ra'ayi zai ce ai wannan ba hoton titi ba ne. To, a kira shi abin da aka ga dama. Shi ne wanda jika zai ɗauka ya ce ga layinmu, ga shagon wane. Haka Gordon Parks a 1942: hoton Ella Watson da tsintsiya a gaban tutar Amurka tsayar da ita ya yi, daga baya ya bi ta gida da coci, shi ya sa har yau muka san sunanta.

Fim ɗin kyamara ya taimaka a nan. Ƙwaya 36 ne a naɗi ɗaya, ga kuɗin wanki, dole ka yi tunani kafin ka danna. Sannan dodon hoto abu ne na riƙewa a hannu, yana shekaru a akwati. Hotuna dubu nawa ke wayarka da ta faɗa ruwa?

Na san me ke ranka, don shi ke raina. An rushe Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa titi, badala kuma kullum raguwa take. In mun je hutu, mu ne baƙin da ke da kyamara mai tsada, mu ne kuma 'yan unguwar. Ni a zuwana na ƙarshe bangon zauren gidanmu na ɗauka har sau uku, masu zama a dakalin kuwa ko ɗaya ban rubuta sunansa ba.