Igiya a Ramin Fulogi: Nazarin Wata Dabarar Kanikawa

Direban da ke jigila tsakanin Sara da Birnin Kudu ko Gwaram, in motarsa ta kwana biyu a gareji, cefanen gidansa ne ya tsaya. Ga shi babbar kasuwar kayan gyara, wato Ƙofar Ruwa ta Kano, tana can sama da kilomita 100. Shi ya sa aikin nan na sauya sifirin ɗin bawul ba tare da an ɗaga top silinda ba yake da ƙima a wuri irin wannan, kuma ya cancanci a dube shi da idon basira.

Matsalar ɗaya ce tal. Sifirin ne ke riƙe bawul a rufe. Da zarar an zare shi, bawul ɗin zai sulale ya faɗa cikin silinda. Aikin duka ya tsaya ne kan abin da zai tokare shi daga ƙasa. Hanya biyu aka sani: ko a hura iska mai ƙarfi ta ramin fulogi, ko a cusa igiya.

Ni dai ina bayan igiya. Iska na bukatar injin mai faci da mahaɗin da ya dace da ramin, kuma in injin ya mutu ana tsakar aiki, ko ƙarfin iskar ya tura fistin ƙasa, to an shiga uku. Igiya kuwa ba ta neman fetur. Bakanike zai cire fulogi, ya sauke fistin, ya zura igiya mai laushi mai tsabta, ya bar jelarta a waje. Sai yaron gareji ya juya injin motar da sifana a hankali, oga na cewa “ƙara kaɗan, ya isa,” har fistin ya matse igiyar a ƙarƙashin bawul. Daga nan a danne sifirin, a zaro 'yan ƙarafan nan biyu masu kulle shi, waɗanda ba su fi ƙwayar gyaɗa ba. Mai hankali zai toshe ramukan baƙin mai da tsumma tun farko, ya kuma ajiye maganaɗisu kusa, domin in ɗaya ya faɗa ciki sai an buɗe ƙasan inji. A motoci irin su Golf da kamshaf ke sama, dole a cire shi tukuna, a kuma sa alama a taimin.

Ribar a bayyane take. Gaskit ɗin asali bai motsa ba, ba a sayi sabo mai shakkar inganci ba, ba a ɗaure kusoshin top da kirdadon hannu ba, alhali masu ƙera mota sun ƙayyade musu ƙarfi da jeri. Da wannan zama guda ma akan sauya bawul sil, robar da ke hana baƙin mai gangarawa.

Sai dai inda nake da damuwa shi ne gano ciwon kafin a taɓa sifana. Motar da ke fitar da shuɗin hayaƙi da asuba, can ya ɗauke, galibi sil ne, dabarar ta wadatar. Wadda ke hayaƙi yini guda tana shan mai, a zargi zoben fistin. In bawul ya ƙone, ko ya lanƙwashe bayan sifirin ya karye fistin ya buge shi, ko ruwa na gauraya da mai, babu igiyar da za ta yi magani. A nan ne ake jarraba amanar bakanike, don direba zai matsa: “Haba oga, a lallaɓa min ita, gobe kasuwa.” Wanda ya biye masa ya karɓi kuɗin aikin da ba zai ɗore ba.

Yaran gareji da ido suke koyo, kuma abin da ido ke saurin kamawa shi ne zura igiya da danne sifirin. Sauraron kukan inji da karanta launin hayaƙi da na bakin fulogi sai oga ya zaunar da su ya faɗa da bakinsa, kuma ba kowane oga ke da wannan haƙurin ba.