Maguzanci a Inuwar Majusawa

A Talata Mafara, Bakura da Maradun an fi sanin masu addinin gargajiya da arna. A ƙasar Kano, Katsina da Zariya Maguzawa ake ce musu, a Maraɗi kuwa anna. Hausawa ne gaba da baya, manoma na ƙwarai, masu dafa giya da yanka wa iskoki irin su Kure da Doguwa. Masana da dama, har da Murray Last wanda ya zauna a gidan Maguzawa a ƙasar Malumfashi, suna ganin sunan daga Majusawa ya fito, wato mabiya Zaradusht na ƙasar Farisa. Ba jini ne ya haɗa su ba, fiƙihu ne. Sayyidina Umar bai karɓi jiziya daga Majusawa ba sai da Abdurrahman ɗan Aufu ya shaida cewa Annabi (SAW) ya karɓa daga Majusawan Hajar. Ta wannan ƙofa malaman ƙasar Hausa suka sama wa maƙwabtansu mazauni: su biya jiziya, a bar su da gonarsu da tsafinsu. Jihadin 1804 ma bai rushe wannan tsari ba.

Su Majusawan asali suna nan. Daular Sasaniyawa ta faɗi a 651, amma har gobe wuta tana ci a ɗakunan ibadarsu na Yazd, kuma suna da kujera guda a majalisar Iran, ƙasar da ƙidayar 2011 ta sami Majusawa 25,271 a cikinta. Waɗanda suka yi hijira zuwa Indiya, wato Farsawa, su ne suka haifi gidan attajiran nan na Tata. Ciwonsu ɗaya, ƙarancin haihuwa: daga kimanin 114,000 a 1941 sun koma 57,264 a 2011. Suna jinkirta aure, ba sa karɓar mai shiga addininsu, kuma mace in ta auri bare malamansu masu tsauri ba sa ƙirga 'ya'yanta. Sai da ta kai gwamnatin Indiya ta kafa shirin Jiyo Parsi a 2013 don taimaka musu su hayayyafa.

Bamaguje bai taɓa kukan rashin 'ya'ya ba. Gidansa cike yake, addinin ne ya fice ta bayan gida. A ganina dalilin bai tsaya ga wa'azi ba, duk da rawar da ya taka: rangadin musuluntarwa na Sardauna Ahmadu Bello daga 1963 zuwa 1965, da makarantu da asibitocin mishan da suka mai da wasu Hausawa Kiristoci. Bamajushe yana da littafin Abesta, da zuriyar limamai, da wakafi, abubuwan da ake iya ɗauka a haye teku da su. Maguzanci kuwa a ƙasa yake a shuke. Yana buƙatar gandu, inda maigida zai yi yanka a madadin 'ya'ya da ƙanne, da tsamiya ko kukar da iskar gidan take zaune, da rumbun dawa mai rarar da za a dafa giyar biki. Saurayin da ya tafi cin rani birni ba shi da abin da zai sa a jaka. Ga kuma kasuwa: ba a cin yankansa, ba a ba shi aure, fatauci kuma sai da amanar Musulmi. Tun Joseph Greenberg, wanda ya yi nazarinsu a ƙasar Kano a 1938 da 1939, an lura cewa Allah suke ɗauka Ubangiji, iskoki a ƙarƙashinsa, saboda haka tuba ba doguwar tafiya ba ce. Da Turawa suka ɗora haraji iri ɗaya a kan kowa, jiziyar nan mai ƙasƙanci, wadda ita ce kuma takardar zamansu, ta tafi.

Dubi abin da ya sami ƙasar kanta a yankin Talata Mafara, Bakura da Maradun. Dam ɗin Bakolori, wanda aka kammala a 1978, ya cinye gonaki, katafila ta baje itatuwa, aka sake yanka filaye, har rikicin diyya ya kai ga kisan manoma a Afrilun 1980. Galibin manoman Musulmi ne, amma duk al'adar da ta rataya ga wata bishiya ko wata fadama, ranar nan ta rasa mariƙi. A Oktoban 1999 kuma ɗan Bakura, Gwamna Ahmad Sani Yarima, ya ƙaddamar da shari'a a Gusau, aka hana sayar da giya a jiharsa.

Abin da ya tsira ya tsira ne a gidan Musulmi, ba da sunansa ba: girka da ake yi a ɓoye, boka da ake zuwa wa da dare, maganin ƙarfe na 'yan tauri da mafarauta, sarautar Sarkin Noma. Mai yin su zai yi faɗa da kai in ka ce da shi arne. Indiya tana ƙirga Farsawanta ɗaya bayan ɗaya, tana kuka da adadin. A Nijeriya, ƙidayar 1991 da ta 2006 ko tambayar addini ba su yi ba.